Maki 645 a GMAT ba faɗuwa ba ne

Masu neman gurbin karatun MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci) da yawa kan ga 645 a sakamakon GMAT, jarrabawar neman shiga wannan karatu, hankalinsu ya tashi, su fara shirin sake zama, don sun saba jin cewa manyan makarantu sai da 700. Ai wancan 700 ɗin na tsohon ma'auni ne. Sabuwar jarrabawar da GMAC, hukumar da ke shirya GMAT, ta fito da ita a 2023 daga 205 take zuwa 805, kuma 645 a cikinta daidai yake da 700 na da.

Kafin ka sake biyan kuɗi, gwada makinka da na ɗaliban makarantar da kake so, a ma'auni ɗaya. In tazarar tana da yawa, ko sashen lissafi ne ya ja ka baya, to sake zaman ya dace, amma sai bayan kwana 16 da zaman da ka yi.