Farrah da Michael: mutuwar safe da mutuwar rana

Ranar Alhamis 25 ga Yuni 2009, da hantsi, 'yar wasan fim da talabijin Farrah Fawcett ta cika a wani asibiti da ke Santa Monica a Amurka tana da shekara 62. Gidajen talabijin sun fara haɗa tarihinta ke nan, sai ƙarfe 2:26 na rana likitocin asibitin UCLA da ke Los Angeles suka tabbatar da mutuwar Michael Jackson, yana da shekara 50. Daga nan babu wanda ya sake waiwayar Farrah. A ganina an yi mata rashin adalci, don in aka ajiye suna gefe aka dubi yadda kowannensu ya yi da likitoci, ita ce abin a tsaya a kai.

Mu fara da Michael. Ɗan garin Gary ne a jihar Indiana, tun yana yaro yake waƙa da 'yan'uwansa a Jackson 5, kundinsa Thriller na 1982 kuma har yau ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane kasuwa a duniya. A 2009 ya ɗaura aniyar wasa 50 a zauren O2 na Landan daga watan Yuli. Ga atisaye, ga bashi, ga rashin barci. Sai aka ɗauko masa likita na kansa, Conrad Murray, a kan dala 150,000 duk wata.

Matsalar daga nan ta faro. Murray likitan zuciya ne, abin da yake ɗura wa Michael da dare kuwa propofol ne, wani farin ruwa kamar madara da ake sa wa a jijiya don gusar da hankalin wanda za a yi wa tiyata. Ba maganin barci ba ne. Yana danne numfashi, yana sauke hawan jini, shi ya sa ba a ba da shi sai da ƙwararre a tsaye bai gusa ba, da na'urar auna iskar jini mai ƙara idan ta faɗi, da kayan buɗe hanyar numfashi a kusa. Ɗakin kwana ba wurin wannan ba ne. Bisa bayanin da Murray ya yi wa 'yan sanda, a daren ya fara ba shi Valium, ya bi da lorazepam da midazolam, duk masu kwantar da jijiya, sannan da safe wajen 10:40 ya ƙara da propofol miligiram 25. Magunguna masu danne numfashi an jera su ɗaya kan ɗaya, sannan likita ya fita daga ɗakin. Da ya dawo ya tarar ba numfashi, a kan gado ya yi ta danna masa ƙirji, alhali sai a ƙasa mai tauri dannawar take kaiwa ga zuciya. Ba a kira motar asibiti ba sai 12:21. A Nuwamba 2011 kotu ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba, ta yanke masa shekara huɗu, ya yi kusan biyu ya fito. Likitan da albashinsa ke hannun majinyaci, da wuya bakinsa ya iya cewa a'a.

Farrah kuwa 'yar Texas ce. Shirin Charlie's Angels na 1976 ya fito da ita, ta yi zango ɗaya ta ajiye don kada a ɗaure ta a matsayin kyakkyawar fuska kawai. A 1984 ta fito a The Burning Bed a matsayin matar da miji ke jibga, aka sa ta takarar Emmy, kyautar 'yan wasan talabijin.

A 2006 aka gano tana da kansar dubura, cutar da ko sunanta mutane ke jin nauyin faɗa. Tana jinya a UCLA, sai ta ga duk abin da likita ya gaya mata ya bayyana a jaridar gulma ta National Enquirer. Da cutar ta dawo a 2007, ta ɗana tarko: ta ɓoye wa dangi da ƙawaye, daga ita sai likitanta. Labarin ya sake fitowa, ta tabbatar ɓarakar daga cikin asibiti take. Bincike ya kai ga wata ma'aikaciya da ke leƙa fayilolin marasa lafiya tana sayarwa, ta amsa laifinta a kotu, jihar Kalifoniya kuma ta tsaurara dokar sirrin majinyaci a 2008. Masu ɗaukar hoton ɗan wasa a gadon asibiti su watsa a WhatsApp da sunan neman addu'a, da ku nake.

Bayan ta toshe masu satar labarinta, ita da kanta ta buɗe shi yadda take so. Ta sa aka ɗauki jinyarta a kyamara, har da zuwanta Jamus neman magani da zubewar gashin da aka san ta da shi, tashar NBC ta nuna a Mayu 2009, saura makonni ta mutu.

A bikin Oscar na 2010, da aka zo jero 'yan fim ɗin da suka mutu a shekarar, an nuna hoton Michael, mawaƙi. Farrah, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana wasan kwaikwayo, ba a sa ta ba.