Katangar dutse marar siminti ba ta nufin talauci

Mutane da yawa idan suka ga katangar da aka jera duwatsu kawai, babu siminti babu laka, sai su ce rashin kuɗi ne, kuma damina ɗaya za ta zubar da ita. Ba haka abin yake ba.

A je Sukur, a kan duwatsun Mandara, ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, wurin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya. Gonakin mutanen Sukur hawa-hawa ne a jikin tsauni, kowane mataki katangar dutse ce ta tare shi. Ramukan da ke tsakanin duwatsun, waɗanda baƙo zai ɗauka aibi ne, su ne sirrin: ruwan sama ya tsiyaye ta cikinsu, ƙasa ta tsaya, dawa da wake su samu wurin kafa saiwa. Da an toshe da siminti, ruwa zai taru a baya har ya tura katangar.

Magini yakan sa manyan duwatsu a ƙasa, ya cusa ƙanana a tsakani, katangar ta ɗan jingina da tudu. In wani gefe ya zube, da waɗannan duwatsun dai ake sake ɗora shi, ba a sayen komai. Fadar Hidi, sarkinsu, da hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse zuwa saman tsaunin, duk aikin hannun jama'ar gari ne.