Wannan manhajar karanta littafi ta kai ni bango wallahi

Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke cina a rai, in ba haka ba wallahi yau sai na maka 'yar kwamfutar hannun nan da ƙasa. Wata huɗu kenan da na saye ta, ta hannu ce ba sabuwa ba, inci 7, ram ɗinta 2GB, memori 16GB, kuma ni ba don kallo ko gem na saya ba, karatu kawai, saboda kuɗin fotokofin handawut ya fara fin ƙarfina ga littattafan da ake ta turowa a guruf ɗin ajinmu na WhatsApp sun cika min waya har hoto ba ta iya ɗauka. Na ce shikenan na huta. Ashe da kuɗina na je na sayo wa kaina ciwon kai.

Farko dai PDF. Shi wannan tsarin tun 1993 da aka fito da shi manufarsa ita ce shafi ya fito yadda aka tsara shi ko a ina ka buɗe, ba ya lanƙwasawa ba ya bin girman sikirin ɗinka. To takardar A4 faɗinta santimita 21 tsawonta kusan 30, ka ɗauko wannan ka cusa a sikirin ɗin da bai fi tafin hannuna da kaɗan ba, rubutu ya dawo kamar tururuwa sun yi layi. Sai ka ja da yatsa biyu ka ƙara girma, ka karanta rabin layi, ka ja hagu ka ƙarasa, ka dawo dama ka nemi layi na gaba ka rasa wanne ne, kana cikin haka yatsa ya ɗan zame shafi ya juya gaba ɗaya. Sakin layi ɗaya sai na yi minti biyar a kai kuma a ƙarshe ban san me na karanta ba.

Akwai wani maɓalli a manhajar da wai zai sake jera maka rubutun daidai da sikirin. Ƙarya ce, ko in ce yana aiki ne kawai in asalin rubutu ne a cikin fayil ɗin. Mu kuwa rabin abin da ake turo mana hoto ne, wani ya ɗora littafi a cinya ya bi shi shafi shafi da kamarar waya, har babban yatsansa kana gani a gefe da inuwar kansa a tsakiyar shafi, Allah ya saka masa da alheri dai don ya taimaka, amma fayil ɗaya sai ya kusa 90MB. Ka buɗe ta tsaya cak, ka jira, ka jira, sikirin ya yi fari, ta rufe kanta. Ka sake buɗewa ta maido ka shafi na 1 alhali kana na 212.

Wani abokina ya ce ai laifina ne, in nemi EPUB, shi ne aka yi don ƙananan na'urori, rubutun yana bin sikirin kamar ruwa a kwano, ka ƙara girman harafi yadda kake so. Gaskiya ne kuma, na gwada da littafin Turanci lafiya lau har na fara sa masa albarka. Sai da na buɗe na Hausa.

Nan ne fa raina ya ɓaci da gaske. Duk inda ƙ take ko ɗ ko ɓ sai ka ga wani ɗan akwati fanko, wani wajen alamar tambaya. Ka ga akwati da "asa" a gabansa kai za ka zauna kana canka, ƙasa ce ko me? Wai a ce haruffan da suka daɗe da shiga Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, wayar kowa tana rubuta su, amma font ɗin da masu manhajar suka zaɓa bai san da zamansu ba, kuma sun rufe hanyar da zan sa nawa font ɗin sai na biya kuɗin firimiyam. In biya kuɗi kafin in ga harafin yarena, haba don Allah.

Kuma kar mu ɗora musu duka, mu ma muna da namu. Tsofaffin rubuce-rubucenmu da yawa an buga su ne da irin font ɗin nan na da da ake aron wasu alamomin kibod a mayar da su haruffa masu lanƙwasa, to da zarar babu font ɗin a na'urarka sai asiri ya tonu, ka ga }asa, ]aya, ~arawo. Wanda ya taɓa karanta irin waɗannan fayil ya san me nake faɗa. Shekaran jiya ina neman inda malaminmu ya yi bayanin ƙa'idojin rubutu a wani handawut mai shafi sama da 300, na rubuta ƙa'ida a wajen bincike ta ce babu, na rubuta ka'ida babu, k'a'ida babu, qa'ida ma na gwada tunda wasu haka suke yi, babu. Sai da na tuna na sa }a'ida sannan ta fito min har wuri goma sha. Handawut ɗin ƙa'idojin rubutun Hausa fa!

Larabci kuwa ba a magana, an kawo aya a tsakiyar bayani haruffan sun rarrabu kowanne ya tsaya shi kaɗai kuma sun taso daga hagu, dole na rufe don ba zan karanta Alƙur'ani a haka ba.

Ga talla. Kana tsakiyar karatu ka juya shafi sai bidiyo ya faɗo maka da ƙara, ƙarfe ɗayan dare yara na barci, na wani gem ko na masu ba da bashi, ga data tana tafiya. Na kashe data don in huta sai ta ce wai ba za ta buɗe min littafin ba sai ta tabbatar da asusuna a intanet, littafin da ke cikin memori na, wanda na sauke da datata. In aka ɗauke wuta kuma batirin ba ya kai awa uku in hasken sikirin na sama, in ka rage hasken ido ya ɗau zafi.

Na ma gwada abin nan da ke karanta maka da murya ko zan huta da ido, wata baturiya ce ta kama Hausa tana tauna ta kamar mai cin ɗanyen rogo, uwargida ta leƙo daga ɗaki tana tambaya wai wane yare nake koyo.

Abin da ya tunzura ni na yi wannan rubutun shi ne na daren jiya. Manhajar ta dame ni in yi afdet, kullum sai ta tuna min, na gaji na danna. Da safe na buɗe, duk alamomin da na sa da layukan da na shafa wa kala da 'yan bayanan da na rubuta a gefe na wata huɗu babu ko ɗaya, fes kamar yau na sauke ta. Na tura musu saƙo na'ura ce ta ba ni amsa da Turanci wai sun gode da ra'ayina. Akwatunan nan kuwa suna nan daram inda ƙ take, afdet ɗin bai taɓa su ba, kalar maɓallan kawai aka canza daga shuɗi zuwa kore. Jarabawa kuma ranar Litinin ce.