Hukuncin kotu ba ya aiwatar da kansa

Duk lokacin da kotu ta soke wata doka, sai ka ji 'yan majalisa suna gunaguni: wa ya zaɓi alƙalan nan? Tambayar tana da nauyi, amma ba ta gamsar da ni. Kundin tsarin mulki yana sama da kowace majalisa, kuma in babu mai taka wa masu rinjaye birki, kundin ya zama takarda kawai.

Abin da ya fi damuna daban ne. Alƙali ba shi da soja, ba shi da baitulmali. John Marshall, alƙalin alƙalan Amurka, ya san haka sarai a shari'ar Marbury da Madison ta 1803. Gwamnatin Shugaba Thomas Jefferson ta ƙi miƙa wa William Marbury takardar naɗin da gwamnatin baya ta yi masa a matsayin ƙaramin alƙali, sai ya kai ƙarar sakataren harkokin waje, James Madison. Da kotu ta ce a ba shi, da gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. Sai Marshall ya ce Marbury na da gaskiya, amma sashen dokar 1789 da ya ba Kotun Ƙoli ikon ba da wannan umarni ya saɓa wa kundin tsarin mulki, don haka ba ya aiki. Marbury ya tashi a tutar babu, kotu kuwa ta kafa ikon soke doka ba tare da ta umarci kowa ya yi komai ba. Dabara ce ta wanda ya san iyakar ƙarfinsa.

A 1954 kotun ta haramta ware ɗalibai baƙar fata a makarantun gwamnati, amma a 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock kafin yara tara su shiga aji. Da bai ga dama ba fa?

Shi ya sa nake jinjina wa Kenya. A ranar 1 ga Satumban 2017, Kotun Ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa. Shugaba Uhuru Kenyatta, wanda aka ayyana ya lashe zaɓen, ya fusata, ya caccaki alƙalan a bainar jama'a, abin da bai dace ba. Amma bai rufe kotu ba, bai yi watsi da hukuncin ba. Ya koma yaƙin neman zaɓe, aka sake kaɗa ƙuri'a a watan Oktoba.