Shayin da ya kusa hallaka ni a Sheffield

Kafin in bar Zariya, da wani ya ce ban iya Turanci ba, da sai mai unguwa ya raba mu. Ni da na ci kiredit a WAEC, ni da samarin layinmu ke kawo wa takardar neman aiki in gyara musu? Wata guda na yi a birnin Sheffield na Ingila, girman kan nan ya zube.

Direban bas ne ya fara. Ƙato ne, gemunsa ya fi na limaminmu. Na biya kuɗi, sai na ji ya ce, "Cheers, love." Ni kuwa tun ina firamare na san ma'anar "love". Na yi a'uziyya a zuci, na wuce can kujerar ƙarshe na rungume jakata. Sai da na ji ya faɗa wa wani tsoho mai sanda haka, ya faɗa wa ɗan makaranta, sannan hankalina ya kwanta. Ashe a Yorkshire, yankin da Sheffield take, kamar kwandasta ne ya ce maka "malam".

Sai maƙwabciyata, wata dattijuwa da na laƙaba wa Mama, ita kuma ta karɓa tana dariya. Ran nan muka haɗu a bakin ƙofa, ta ce, "You alright?" Na ce a raina, lallai ramar tawa ta fito. Na tsaya na zayyana mata mura, ciwon ƙafa saboda tuddan garin, da yadda sanyi ke hana ni barci. Minti goma tana tsaye da kwandon shara a hannu. Ashe gaisuwa ce kawai, ka ce "alright" ka wuce. Abin kunya, mu da ko a gadon asibiti aka ce yaya jiki sai mu ce da sauƙi, ai ni ya kamata in fara ganewa.

Tausayina ya kama ta, ta ce in zo "tea" ranar Juma'a ƙarfe shida. Na yi lissafi irin na Bahaushe: ruwan shayi da biskit biyu ba za su kai ni asuba ba. Ƙarfe biyar na tuƙa tuwon semo, na kaɗa kukar da Inna ta ƙunso min, na danna malmala uku, na kora da ruwa.

Ina shiga na yi turus. Kaza guda gasasshiya, dankali, koren wake, ga romo a ɗan tulu. A arewacin Ingila abincin dare ake kira "tea", na rana kuma "dinner", ba wanda ya taɓa koya min wannan a aji. Mama ta ce har unguwar Spital Hill ta je ta sayo kazar wajen mahautan Musulmi saboda ni. To, da wane bakin zan ce na ƙoshi? Na yi bisimilla. Kowace loma sai ta tarar da tuwo ya riga ya kama wuri. Gumi na keto min a watan Nuwamba, ita kuwa tana ganin daɗin girkinta ne, tana ƙara min cinya.

Ina murnar na ga ƙarshen faranti, sai ta ce saura "pudding", wato kayan zaƙin da ake ci bayan abinci. Na miƙe da ƙyar na ce, "I'm coming, Mama," wato ina zuwa irin namu. Niyyata in shiga ɗakina in sassauta zariyar wando in dawo. Na ɗan kishingiɗa, ban farka ba sai kiran asuba a waya.

Da safe na tarar da kwano rufe a bakin ƙofata. Ta leƙo ta taga, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya ce yana zuwa alhali tafiya yake ba. Sannan ta dube ni ta ce, "You alright, love?"

Cikina na ƙugi, na ce, "Alright."