An yafe wa bene lanho, mu katangarmu tana kwance

Yau kwana goma sha ɗaya da katangar gidanmu ta gabas ta kwanta, kuma har yanzu tabarma biyu da tsohon buhun gero ne ke tsakanin iyalina da idon duk wanda ya bi ta lungu. Matata in za ta yi wanka sai ta sa yaro ya tsaya gadi a bakin hanya. Ni tela ne, a zauren gidan nake ɗinki, a Zango aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Kakana ne ya gina gidan da tubali da azara tun Damagaram tana babban birnin ƙasar nan, kafin Turawa su kwashe mulki su kai Yamai a 1926. Gidan da ya ga wannan duka, ya ga damina fiye da ɗari, shi ne bana ya durƙusa. Kuma kada wani ya ce mini tsufa ne. Na san abin da ya kayar da shi, ina kallonsa kullum in na ɗaga kai daga kan keken ɗinki.

Shekara biyu da suka wuce wani Alhaji ya sayi gidaje uku da ke maƙwabtaka da mu. Gidajen gado ne, magada sun yi yawa, kowa yana son rabonsa a hannu, dillali ya shiga tsakani, magana ta ƙare. Ba ni da ta cewa a nan, kowa da kayansa. Aka kawo mota ta rushe su cikin kwana biyu, har da wani soro mai zanen ado a fuska wanda baƙi ke tsayawa suna ɗaukar hoto. Sai aka yi ta zuba jar ƙasa da tsakuwa har wurin ya tashi ya kai ƙugun mutum. A kai aka dasa bene. Tsakar gida duk aka malale da siminti, ba inda ɗigon ruwa zai nutse. Bututun da ke sauko da ruwan rufi kuwa, guda huɗu, duk bakinsu lungunmu yake kallo.

Wanda bai zauna gidan ƙasa ba ba zai gane ba. Ginin laka ba ya tsoron ruwan da ke dukansa daga sama, muddin an yi masa yaɓe kafin damina kuma indararo na aiki. Abin da ke kashe shi ruwan da ya kwanta a gindinsa ne. Yana tsotsa a hankali kamar lagwani, ƙasan ta yi laushi, saman yana nan da nauyinsa, wata rana da dare sai ka ji rugum. Tun zamanin kakanni lungun nan yake ɗaukar ruwa ya gangara da shi tabki, kowane gida ya san iyakar tudunsa, ba mai ɗaga ƙofarsa ya fi na maƙwabci. Yanzu ruwan gida uku da na rufin bene duk a jikin katangata yake kwana. Na yi magana tun ana aza harsashi. Na yi magana da aka sa bututun. Mai kula da aikin ya ce mini, "Baba, kada ka damu, za a yi magudana." Ga ta nan, ina jiran ta.

Wannan mai kula da aikin ne dai, ranar da ya kawo mini wandonsa in rage masa, ya saki maganar da ta hana ni barci. Yana yabon maigidansa, ya ce ai Alhaji ya san ta kan takarda, wannan ginin ba za a karɓi lanhonsa ba, wato harajinsa, sai ya ɗan shekara, don sabon gini ne, hukuma tana son a yi ta gini. Na ajiye almakashi na ce ya sake faɗi. Ya sake.

Da katangar ta faɗi sai na ce bari in je in ji da kunnena, wataƙila mu ma akwai rabonmu. Sau uku ina biyan kabu-kabu zuwa biron masu karɓar lanho. Ranar farko mai maganar ya tafi taro. Ranar biyu aka ce in dawo da takardar gida da tambur. Wace takarda? Gidan da aka gina tun kafin a san biro, shaidarsa mai unguwa ne da dattawan lungu. Ranar uku na samu wani ma'aikaci, yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, har kujera ya ba ni. Ya ce mini gaskiya ne, sabon gini yana samun sassauci a shekarunsa na farko, don masu kuɗi su sa dukiyarsu a gidaje, gidaje su yawaita, haya ta sauka. Na ce madalla, to ni da zan tada katanga da ɗaki ɗaya fa? Ya ce, "Baba, naka gyara ne." Na ce to in na rushe gidan gaba ɗaya na zuba siminti? Ya yi ɗan murmushi ya ce wannan kam ya zama sabon gini. Na ce masa, "Ɗana, wato sai na kashe gidan ubana da hannuna kafin ku san da zamana?" Ya sunkuyar da kai yana juya takardu. Ba shi ya rubuta dokar ba, na sani. Amma shi na samu.

Ya ƙara da cewa ai gidan da mutum ke zaune da iyalinsa ba shi ne ake matsa wa ba, to me nake kuka a kai. Bari in gaya muku abin da nake kuka a kai. Zauren da nake ɗinki ina biya masa patanti, wato harajin sana'a, ba a taɓa yafe mini ko shekarar da aka wuni ba wuta, keke na tsaye, ba. Da dokar kuɗi ta 2018 ta zo, wadda aka yi ta zanga-zanga a kanta har a garin nan, aka liƙa harajin gida a jikin takardar wuta, muka biya, don in ba ka biya ba ka kwana a duhu. Zare, allura, yadi, kwan fitila, duk abin da ya fito kanti akwai kashi 19 cikin ɗari na hukuma a cikinsa. Ba na jayayya da lanho. Ubana ya biya, har a gaban mai unguwa nake raka shi ina yaro. Amma in aka ce ga tukunya ɗaya kowa ya zuba, sai kuma aka ce mai babban ludayi ya dakata tukuna, to wa ke cika wurin da ya bari? Kuɗin da za a haƙa magudana a lungunmu daga ina zai fito, in wanda ya fi kowa zubo ruwa shi aka ɗauke wa biya?

Kada a ce ina hassada. Garin nan yana buƙatar gidaje, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Tun da aka buɗe jami'a a 2010, matatar mai ta hanyar Tanut ta fara aiki a 2011, baƙi suka cika gari, ɗaki ya zama zinariya. Ɗana na fari da matarsa da ƴaƴa biyu ɗaki ɗaya suke haya a bayan gari. In gini zai sa ya samu ciki da falo da kuɗin da yake iyawa, ni zan fara kai wa Alhaji goron godiya. Sai dai na tambayi kuɗin hayar benen, abin da aka faɗa mini ya fi abin da nake samu a watan da ba na sallah ba. Ba ɗan Zango ko ɗaya da zai kwana a ciki sai mai gadi. Hayar kuma da aka ce za ta sauka, hawa ta yi: mai gidan da ke bayanmu, da ya ga unguwa ta "waye", ya ƙara wa masu hayarsa kuɗi, wata bazawara mai tuyar ƙosai ta kwashe kayanta ta koma Garin Malam wajen ƴar uwarta.

Ga maganar ruwan sha, wadda duk ɗan Damagaram ya sha ta da nonon uwa. Gari ne a kan dutse, rijiya ba ta ba da abin kirki, ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Famfonmu in ya ga dama ƙarfe uku na dare yake tari, mata su tashi su jera bido. Tun da aka sa wa benen tanki a sama da injin da ke zuƙo ruwa daga bututun unguwa, tarin ma ya daina. Yanzu ƴan garuwa ne iyayen gidanmu, in bazara ta yi kuwa sai ka roƙe su da kuɗinka a hannu. Bututun da aka shimfiɗa don gidaje uku shi ne zai shayar da iyali goma sha biyu. Wanda ya sa hannu a takardar sassaucin, ya taɓa tambayar faɗin bututun nan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin da ake yabon mu da shi. In manyan baƙi suka zo, Birni da Zango ake kai su. A nuna musu fadar Sarkin Damagaram, a nuna abin da ya rage na ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita, a bi da su lungu-lungu suna kallon zanko da zanen bango, a ce ga tarihi, ga gadon Hausa. Lokacin Damagaram Sabuwa, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garin nan a Disamban 2018, an zuba kwalta, an kafa fitilu, manyan hanyoyi suka yi kyau, ba mai musu. Lungunmu ko shebur ɗaya bai gani ba. Tarihin nan da ake taƙama da shi, wa ke riƙe da shi? Mu ne, da kwandon laka a ka, kowace shekara kafin hadari ya taso. A watan Satumban 2024 duk duniya ta ga hoton tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ruwa ya kwantar da shi. Aka yi ta jaje a rediyo. Gidajen talakawa da suka bi shi a wannan damina, a Birni da Zango da sauran unguwanni, masu su ne kawai suka san zafinsu.

Bayan ambaliyar, a Oktoban 2024, gwamnati ta rage kuɗin siminti, ta hanyar sauke wa masu yin sa haraji. Abu ne mai kyau, na yaba a lokacin, ina yabawa yanzu. Amma dubi wanda ya fi morewa: mai sayen tan-tan a mota. Ni siminti ba ya mini magani. Duk magini na gari zai gaya maka in ka shafa siminti a bangon laka, ba sa kama juna, danshi ya maƙale a tsakani, shekara biyu ya ɓamɓaro kamar ɓawon gyaɗa ya tafi da rabin bangon. Abin da nake buƙata ƙasar gini ce mai kyau, da ramno, da azara, da makuba, da hannun magini. Kududdufan da ake ɗibar ƙasa a da an cike su an yanka filaye, yanzu daga bayan gari amalanke ke kawo ta, kowane sawu da kuɗinsa. Azara ta giginya ta yi wuya ta yi tsada. Maginan gargajiya tsofaffi suna ƙarewa, yaransu sun koma buga bulo don can kuɗi yake. Duk wannan ba wanda ya ce a sassauta masa ko dala.

Ni ban ce a hana kowa sassauci ba. Na ce in za a yafe wa mutum lanho don ya yi gini a tsohuwar unguwa, a ɗaura masa sharaɗi: ya fitar da ruwansa har inda ruwa ke tafiya, kada ya ɗaga ƙasarsa ta fi ta maƙwabta sai an zo an duba, kuma wani ya tako da ƙafarsa ya gani kafin a buga hatimi. Wanda kuma ya tada bangon da ya faɗi a Birni ko Zango, a ɗauke masa patantin shekara ɗaya mana, ko a kawo masa ƙasa sawu biyar. Nawa ne wannan a gaban abin da aka bar wa bene guda?

Na kai kuka wurin mai unguwa. Na ce, "Ranka shi daɗe, a gabanka aka yi komai." Ya ce ya sani, ya aika a kira Alhaji sau biyu, ana ce masa yana Kano. Ya ce in yi haƙuri. Haƙurin nan tun ina saurayi ake ba ni shi, da ana sayar da shi da na gina nawa benen.

Alhajin da ba a samu ba kuwa, saƙonsa ya same ni. Kwana uku da faɗuwar katangar sai ga dillalin nan da ya sayar da gidaje ukun, da sallamarsa da carbinsa. Ya ce Alhaji yana jajanta mana, kuma in mun gaji da wahalar gidan ƙasa, a shirye yake ya "hutar da mu", don yana son wurin ajiye motoci. Ƙanena da ke Yamai har ya bugo waya yana cewa, "Yaya, a duba maganar nan, kuɗi ne masu kauri." Ban ce masa komai ba, na kai maganar ɗakin Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta haura tamanin, a ɗakin da take ciki aka yanke mata cibi. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ka gaya wa mai carbin, in ya ga an fito da ni a makara, ya zo ku yi ciniki. Kafin nan ka nemo mini mai amalanke."

Na nemo shi. Sawu shida muka yi da shi, na ba shi rabin kuɗin daga na ɗinkin wata amarya da ban ko yanka ba tukuna. Ya ce gobe da sassafe, in jakinsa ya iya ratsa ruwan da ke kwance a bakin lungu.