Wai Matar Likita Da Katin Medicaid

To, tunda maganar ta bar wurin suna ta shiga guruf, daga guruf ta tsallaka teku har an kira Innata a Katsina ana yi mata jaje, bari in faɗi tawa sau ɗaya kowa ya huta.

Eh, katin Medicaid ne, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga masu ƙaramin ƙarfi, ya faɗo daga jakata ranar Asabar a wurin sunan. Ba na maƙwabciya ba ne, ba kuma tsintarsa na yi a titi ba. Nawa ne, sunana ne a jiki, yarana biyu ma kowa da nasa. Hajiyar da ta duƙa ta ɗauko min shi, ta juya gaba ta juya baya kamar mai duba kuɗin jabu, sannan ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji ta ce, "Ikon Allah! Matar likita guda da katin talakawa?", ina godiya Hajiya. Allah ya ƙara ƙarfin ido, ya bar zumunci.

Amma ki ji da kyau: mijina ba likita ba ne. Ɗalibi ne. Ban san sau nawa zan faɗa ba kafin ya shiga kunnen mutanenmu na Greensboro, nan jihar Karolina ta Arewa a Amurka, da kewaye. Farar rigar da kuka gani a hoto, wadda kuka bi da "Masha Allah Dakta" har ɗari biyu, gajeriyar riga ce ta ɗalibai, ranar shiga makaranta ake saka musu. Ba a biyansa ko sisin kwabo. Shi ke biya. A ƙasar nan sai ka gama digirin farko na shekara 4, ka sake shiga makarantar likita wata shekara 4, sannan ka yi horon ƙwarewa na shekara 3 zuwa 7. Tsaka-tsakin bashin da ɗalibin likita ke fita da shi a Amurka ya kai wajen dala dubu 200. Wannan shi ne arzikin da kuke hango mana. Bashi ne sanye da farar riga.

Kuma ko da likitan ne, ina kuka taɓa jin asibitin Amurka ya ce "haba, matar abokin aikinmu ce, a bar ta ta wuce"? Nan ba gida ba ne da za ka kira ɗan ajinku ya rubuta maka magani a bayan kati. Nan kafin a tambaye ka inda ke maka ciwo, an tambaye ka katin inshora.

Mu koma 2022, tunda ana son lissafi. Lokacin da ya samu gurbi muka tattaro muka dawo Karolina ta Arewa, na ajiye aikin da nake yi, wanda ta nan ne mu huɗu muke da inshora. Tsohon wurin aikin suka aiko min da takardar COBRA, wato dokar da ta ba ka damar ci gaba da inshorar aikin da ka bari har wata 18, amma kai za ka biya kuɗin gaba ɗaya, da kasonka da wanda kamfani ke biya maka a da, har da ƙarin kashi 2 cikin ɗari na ɗawainiya. Na duba adadin, na duba kuɗin hayarmu, na ga sun kusa yin kai ɗaya. Na ninke takardar na saka a ƙasan akwati.

Makaranta kuwa dole ɗalibi ya kasance da inshora, ba zaɓi. Nasa aka ɗora a kan bashin karatu. Muka tambayi nawa ne a ƙara ni da yara, aka faɗa mana, muka kalli juna muka yi dariya irin wadda ta fi kuka ciwo. Kowane kai da kuɗinsa, dubban daloli a shekara, kuma da rance za a biya, rancen da ke haihuwa kullum kana barci.

Sai kasuwar inshora ta gwamnati, HealthCare.gov, wadda kowa ke kira Obamacare, dokar 2010. A nan ne na ga abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tallafin da ke rage kuɗin wata-wata, a yadda aka tsara shi, sai abin da iyali ke samu ya kai layin talauci na gwamnatin tarayya kafin a ba ku. A 2023 layin na iyali mai mutum huɗu dala 30,000 ne a shekara. Ni da ɗan aikin rabin rana da kitson ƙarshen mako ban kai nan ba. Bashin karatu kuma ba a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga, don ba naka ba ne. Wato talaucina ya yi yawa a ba ni tallafi. Na juya wajen Medicaid, a lokacin jiharmu ba ta faɗaɗa shirin ba, iyaye sai wanda kusan ba ya samun komai ake ɗauka. Wato kuma arzikina ya yi yawa a ba ni Medicaid. Gaba kura, baya sayaki. Yara dai Alhamdulillahi an ɗauke su tun farko, domin ma'aunin yara ya fi na manya faɗi nesa ba kusa ba. Ni kuwa na zauna sama da shekara guda ba inshora, ina lallaɓa jikina kamar ƙwai a cokali.

Ina Hajiya a lokacin? Ina masu guruf?

Babbar Sallar 2023, ƙarshen watan Yuni, ina yanka naman layya a kicin, wuƙa ta zame daga ƙashi ta shige min tafin hannu ta gefen babban yatsa. Jini har kan tayil. Abban yara yana falo, kuma wallahi ba ƙari a maganata, a gabansa akwai ɗan faifan roba mai kama da fata da suke koyon ɗinki a kai, ga allura mai lanƙwasa, ga zare, ga ɓawon ayaba guda uku da ya gama ɗinkewa tsaf. Na fito da hannu a naɗe da tsumma na ce, "Ga aiki ya zo maka har gida, ɗinke min." Ya buɗe ya duba, ya ce in motsa yatsan, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗauko mayafinki. Ina tsoron ko ya taɓa jijiya, kuma ni ba ni da izinin taɓa ki." Na ce kuɗin fa? Bai amsa ba, makullin mota kawai ya ɗauka.

Sashen gaggawa ba sa korar mutum, wannan gaskiya ne, akwai dokar 1986 da ta tilasta musu su duba ka ko ba ka da ko taro. Abin da masu cewa "ai imajansi kyauta ne" ba sa faɗa shi ne takardar kuɗi tana biyo ka gida. Tawa ba ɗaya ce ta zo ba. Ambulan uku, a makonni daban-daban: na asibiti daban, na likitan da ya yi ɗinkin daban, na wanda ya karanta hoton hannun daban, mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ɗinki shida. Sai da wata ma'aikaciya, Allah ya yi mata albarka, ta raɗa min cewa asibitocin da ba na neman riba ba doka ta wajabta musu tsarin sassauci ga marasa ƙarfi, in nemi fom. Na cike, aka rage, sauran na biya kaɗan-kaɗan har wajen azumi. Matar likita ke nan, Hajiya. Mijinta na ɗinke ayaba, ita tana biyan ɗinki bashi.

Ranar 1 ga Disamba 2023 jihar nan ta faɗaɗa Medicaid, bayan Gwamna Roy Cooper ya sa hannu a dokar tun watan Maris. Daga ranar babban da bai kai shekara 65 ba, wanda kuɗin shigar iyalinsa ba su wuce kashi 138 cikin ɗari na layin talauci ba ya cancanta. A lissafin 2025 layin na mutum huɗu dala 32,150 ne, wato iyaka ta kama wajen dala 44,000 da 'yan kai. Na cike a daren farko, yara na barci, hannuna na rawa. Ranar da katin ya iso na yi sujada a tsakar falo. Wannan katin, shi ne wanda aka ɗaga sama ana yi min dariya da shi a gaban mata.

Kuma na san abin da za a ce, don an riga an fara a akwatin saƙona.

"Ai bara ce." Wace bara? Shekara nawa na yi ana cire min haraji daga albashi tun kafin in gan shi? Yau ma ana cira. Kusan haihuwa 4 cikin kowace 10 a Amurka Medicaid ke biya. Duk mabarata ne? Kuma mu daina wasa da hankalin juna, rabin matan da ke zaune a wurin sunan nan da irin katin suka haihu. Bambancina da su kawai nawa ya faɗo ƙasa.

"Inshora ba ta halatta ba." Malam, na ji. Medicaid ma ba saye ake ba, shirin gwamnati ne, don haka wannan fatawar ka kai ta wani layin. Masu cewa a dogara ga Allah kuma, ai an ce a ɗaure raƙumi tukuna.

"Za ta ɓata muku takardu." Namu takardun sun daɗe da kammala. Wanda nasa ke hanya, lauyan shige da fice zai tambaya, ba Hajiya ba, ba ni ba. Abin da na sani tabbas shi ne tun dokar 1996 yawancin masu katin zama na dindindin sai sun cika shekara 5 kafin manyansu su samu Medicaid, kuma jihohi da yawa sun ɗauke wa yara da masu ciki wannan jiran. Ku bincika na jiharku, ku bar ji-ta-ji-ta.

"Me ya hana ki neman cikakken aiki mai inshora?" Ku zo ku riƙe min yaran. A shekararsa ta uku mijin nan nawa ƙarfe huɗu da rabi na asuba yake fita zagayen asibiti, ya dawo bayan isha'i ya buɗe littafi, in ka yi masa magana sai ya amsa maka da sunan wata cuta. Kuɗin renon yara biyu zai cinye albashin da ake turo ni nema. Na yi lissafin a takarda, ba sau ɗaya ba.

Ɗalibi ne. Ɗalibi. Ba Dakta ba tukuna.

Abin da ya fi ƙona min rai ba ni ba ce, ni fatata ta yi kauri. Bayan sunan wata ƙanwata, amarya ce, mijinta ya fara irin wannan karatun bana a wata jiha, ta kira ni da dare tana magana ƙasa-ƙasa. Ciki gare ta wata huɗu, ba ta taɓa zuwa awo ba. Ta cancanci Medicaid na masu ciki, ta sani, amma tana jin kunya kar a ji. Kar wa ya ji? Irin su Hajiya. Yarinya na ɗauke da rai biyu tana ɓuya saboda bakin mutanen da ko dala ɗaya ba za su tura mata ba in abu ya lalace. Na zauna da ita a waya har sha biyun dare muka cike. Na gaya mata abin da na so a ce wani ya gaya min a 2022: Medicaid da CHIP, wato inshorar gwamnati ta yara, ba su da lokacin rajista, duk ranar da ka nema ana karɓa. Kasuwar Obamacare ita ce ke buɗewa 1 ga Nuwamba, sai dai in ka rasa inshorar aiki ko ka haihu, kana da kwana 60 na musamman. In kasuwar za ka shiga da ƙaramin ƙarfi, tsare-tsarenta hawa-hawa ne, kar arhar tsarin Bronze ta ruɗe ka, ka duba na samansa, Silver, don a nan ne kaɗai ake rage wa masu ƙaramin samu kuɗin da suke fara biya daga aljihu kafin kamfani ya sa hannu. Kuma ba dole duk gida su hau inshora ɗaya ba. Mu kanmu kashi biyu muke: ni da yara Medicaid, shi yana kan ta makaranta, saboda a shekarar ƙarshe suna zuwa asibitocin wasu jihohi, Medicaid kuwa in ka tsallake iyakar jiharka sai dai larurar gaggawa. Masu zama Texas da Florida, ku kam sai haƙuri da addu'a, har yau ba su faɗaɗa ba, ramin da na faɗa yana nan a buɗe.

In Allah ya kai mu Maris za a buɗe ambulan a ga asibitin da zai yi horo, a Yuli ya fara karɓar ɗan albashi, inshorar aiki ta zo, in mayar wa gwamnati katinta da godiya. Ko a lokacin ma kar a fara turo min lissafin biki, bashin nan yana tsaye a bakin ƙofa yana jira.

Af, tunda na tuna. Masu turo wa mijina hoton ƙuraje da takardar gwajin jini ta WhatsApp ƙarfe uku na dare, daga Katsina, daga Maraɗi, har da wani bawan Allah da ya turo hoton ƙafar saniyarsa, don girman Allah ku duba agogo. In rana ta fito a wurinku mu nan dare ne. Kuma duk wadda ta tafi da babbar kulata mai ruwan toka daga wurin sunan, wadda na kawo waina a ciki, murfinta na da ɗan tsagu a gefe, na san tana guruf ɗin nan. Ba sai an yi sallama ba, a ajiye min a bakin ƙofa.